Ranar da Katina Ya Daina Buɗe Ɗakin Leza

Jirgin ƙasa ne ya sauke ni a garin, da jaka biyu da 'yar takardar da aka rubuta mini adireshi. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi na jami'ar ba. Ba tsoronsu nake ji ba. Akwai mutanen kirki a can da ba na so a haɗa su da waɗanda suka cuce ni. Ƙasa ce ta Turai mai sanyi, wannan ya isa.

Sunana Zulaihatu Garba, ana ce mini Zulai. 'Yar Tudun Marke ce ni, wani ƙauye a gefen Tsanyawa, inda gonar wannan take manne da ta wancan, in ka yi tuntuɓe a kunyarka sai ka faɗa ta maƙwabcinka. Babana manomi ne, gero da gyaɗa, yana kuma koyar da karatun allo a zaure. Na karanta fiziks a Kano, na koyar shekara huɗu, sannan na samu gurbin digiri na uku a ƙarƙashin wani Farfesa Arnold. Na baro mijina, malamin sakandare, na baro 'yata Ummi a hannun Innata, wata biyu da yaye ta.

An rubuto mini cewa za a zo a tarye ni a tasha. Ba wanda ya zo. Na tsaya kusan awa biyu, yatsuna sun ƙandare, ina miƙa wa mutane takardar. Wasu su girgiza kai, wasu su dubi hijabina su ƙara sauri. Wani direban bas ne, baƙin Ba'afirke mai furfura, ya karanta adireshin ya ce in shigo. Da muka kai kwanar ya tsayar da motar inda ba a tsayawa, ya nuna mini ginin da yatsa. Ban san sunansa ba har yau, amma yana cikin addu'ata.

Washegari na je wurin aiki. Farfesa ya yi mini maraba ta minti biyar, ya damƙa ni a hannun babban mataimakinsa, Dakta Tobiyas, dogon saurayi mai yawan duba agogo. Na faɗa masa sunana. Ya gwada sau ɗaya, ya yi dariya ya ce, “Ya yi tsawo. Zan riƙa ce miki Zu.”

Na ce, “Zulai ba ta fi Tobiyas tsawo ba.”

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya ba ni katin shiga, ya nuna mini yadda ake kara shi a jikin ƙofa fitila ta yi kore. Muka shiga ɗakin leza, wato na'urar da ke harba siririn haske mai ƙarfi.

Duk ɓacin ran da zan faɗa nan gaba, ba zan yi ƙarya a kan ɗakin nan ba: na so shi tun ranar farko. Babban tebur ne na ƙarfe cike da ƙananan madubai, haske yana bin su siriri kamar zare. A tsakiya akwai wata 'yar kwalba, ba ta kai kwalbar turare ɗan goma ba, an liƙe ta ruf. Ita ce zuciyar aikin.

Baba ya taɓa tambayata a waya, “Wai mene ne takamaimai kike yi a can, Zulai?”

Na ce, “Baba, rediyon da kake ratayawa a reshen marke in kana noma, da me yake kamo magana?”

“Da eriya mana.”

“To mu so muke mu kama abin da ya yi wa eriya rauni, wanda ko kaɗan ba ta jin sa. Akwai kwalba da muka zuba wa tururin wani ƙarfe, siziyam. Muna haska ta da leza biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, sai ƙwayoyin zarrar da ke ciki su kumbura, su zama masu tsananin jin motsi. Ko yaya igiyar rediyo ta gifta, ƙarfin lantarkin da take ɗauke da shi zai taɓa su, hasken da ke fitowa daga kwalbar ya canja, mu kuma mu gani a allon kwamfuta.”

Ya ce, “Kwalba ta ji magana. Ikon Allah. To ki riƙe sallah.”

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, wata shida ban taɓa kwalbar ba. Aikina goge madubai ne, da rubuta zafin ɗaki sau uku a rana, da sauka ƙasa in karɓo kaya. Ni da na koyar da 'yan aji uku na jami'a. In ana taron mako na buɗe baki, sai Tobiyas ya jira in gama, ya maimaita abin da na faɗa da nasa lafazin, Farfesa ya gyaɗa masa kai. Rana tana faɗuwa tun kafin la'asar ta yi sanyi. In na koma ɗakina sai in kira gida, a miƙa wa Ummi waya, ta dube ni ta lasa gilashin ta gudu.

Aikin nasu kuwa ya cije. Alamar da ya kamata ta fito a allo siririya mai kaifi, sai ta fito a baje kamar an shafa ta da hannu, kuma in an yi awa guda ana haskawa sai ta ƙara dushewa. Igiya mai ƙarfi suna ganin ta, mai rauni kuwa, wadda don ita ake aikin, sai ta nutse. Shekara biyu Tobiyas yana ɗora wa leza laifi.

Aiken da ake yi mini ƙasa shi ya haɗa ni da Irma. Tsohuwa ce mai hura gilashi, ita take ƙera kwalaben a wani ɗaki da ke ƙarƙashin ginin, hannunta duk tabon wuta. Ranar farko ta sa na faɗi sunana sau uku har ta iya. Da ta gano a bayan matakala nake sallah, sai ta share mini wani lungu a ɗakinta, ta shimfiɗa kwali mai tsabta. Ba ta taɓa tambayata komai game da addinina ba. Tana ganin na shigo da alwala sai ta rage wutar hurawarta don kada ƙarar ta dame ni.

A wurinta na ga tsofaffin kwalaben da aka dawo da su. Na ɗaga ɗaya a hasken fitila, sai na ga wani ɗan hazo a jikin gilashin ta ciki, daidai inda leza take shiga. Duk macen da ta taɓa ɗaga murfin tukunya ta san tururi wurin sanyi yake bi ya kwanta. Ƙarfen yana kwanciya a fuskar kwalbar, haske ya buge shi, lantarki ya taru a bangon, ya dame ƙwayoyin da muke so su nutsu su saurara. Laifin ba na leza ba ne.

Na kai wa Tobiyas maganar. Ya ce, “Kowa ya san ƙarfe yana kwanciya a gilashi. Ba shi ne matsalar ba. Kin rubuta zafin ɗaki na rana?”

Na tsallake shi na je wurin Farfesa. Ya saurare ni yana karanta wata takarda, ya ce, “In kina da lokacin kanki, ki gwada. Kada dai aikin Tobiyas ya tsaya.”

Lokacin kaina shi ne Asabar da Lahadi da hutun cin abinci. Ni da Irma muka fara. Na zana kwalba mai ɗan wutsiya a ƙasa, a bar wutsiyar da sanyi, a ɗumama fuskokin kaɗan, don ƙarfen ya gudu can ya kwanta. Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Sai an wanke gilashin ta wata hanya, a gasa shi kwanaki, a cika shi, a ɗumama shi daki-daki, kuma in ka sauya jerin matakan ko sau ɗaya, hazon ya dawo. Kwalba bakwai muka ɓata. Azumi ya same ni a kan ta biyar, a lokacin da ranarsu take ƙin faɗuwa, ina tsaye gaban tanda maƙogwarona kamar an zuba yashi. Irma ta daina shan shayinta a gabana ba tare da na roƙe ta ba.

Cikin watannin nan Ummi ta fara magana. Mijina ya turo mini muryarta tana kiran Innata “Umma”. Na saurara sau ɗaya, na kife wayar, na koma kan tanda. Na ce wa raina, bari dai in gama, in koma da abin da zan nuna mata in ta girma.

Kwalba ta takwas na ɗora a teburin wata safiyar Talata, da izinin Farfesa, Tobiyas yana tsaye ya harɗe hannu. Alamar ta fito siririya kamar an ja ta da reza. Tobiyas ya rage ƙarfin na'urar da ke aiko da igiyar. Tana nan. Ya ƙara ragewa, tana nan. Ya rage har ƙarshen abin da na'urar take iyawa, sannan ya ɗauke ta ya fita da ita baranda, ya rufe ƙofa. Alamar ta ƙanƙance amma ba ta ɓace ba. Muka bar leza a kunne har azahar, ba ta dushe ba.

Farfesa ya san ba na musabaha da maza. Ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya ɗan rusuna, ya ce a gaban mutum biyar, “Wannan naki ne, Zulaihatu.” Ranar ce kaɗai ya faɗi sunana daidai.

Bayan mako biyu wasu baƙi suka zo, maza uku cikin kwat, ba su yi kama da malaman jami'a ba. Aka ce in je ƙasa in taya Irma aiki har su tafi. Na tafi, ban kawo komai a raina ba. Suka sake zuwa, aka sake tura ni.

Ranar Litinin ta mako na biyar na kara katina a ƙofa, fitila ta yi ja. Na goge shi a hijabina na sake karawa. Ja. Ta gilashin ƙofar ina hango kwalbata a kan tebur, da littafin aikina mai baƙin bango a inda na bar shi ranar Juma'a. Tobiyas yana ciki. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya mayar da kansa kan kwamfuta.

Aka tura ni wani ofis a wani ginin. Wani matashi mai ladabi ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya yi mini bayani a hankali kamar mai yi wa mara lafiya. Aikin ya samu sababbin abokan hulɗa da ke da alaƙa da tsaron ƙasa, domin na'urar da ke jin igiya mai rauni ba tare da eriya ba tana da amfani a wurinsu. Daga yau masu fasfo na wasu ƙasashe ba za su shiga ɗakin ba. Ƙasata tana cikin jerin.

Na ce, “Ni na ƙera abin da ke cikin ɗakin.”

“Na fahimta. Ba ke ake nufi ba, doka ce.”

“To a miƙo mini littafina.”

Ya duba takardarsa. “Duk abin da ke cikin ɗakin ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar.”

“Rubutun hannuna ne.”

“Na fahimta,” in ji shi.

Da a ce ya daka mini tsawa da na fi samun sauƙi. Na fito, na wuce ofishin Farfesa ban ƙwanƙwasa ba. Ya buɗe tafukansa ya ce ba shi ya yi dokar ba, aikin yana buƙatar waɗannan mutane, shi ma bai ji daɗi ba. Ya ce ya samo mini mafita: in koma wani sashen in fara sabon bincike na lissafi a kwamfuta, shekara uku daga farko. Sannan ya turo mini wata takarda in sa hannu, cewa ba zan faɗa wa kowa abin da na gani ko na yi a ɗakin ba.

Na ce, “Tun ranar da baƙin nan suka fara zuwa ka san za a rufe mini ƙofa?”

Ya gyara gilashinsa. “Ana tattaunawa a lokacin.”

“Shi ya sa ka ce in rubuta wa Tobiyas yadda ake kunna ɗumamar kwalbar kafin Juma'a.”

Ya miƙo mini biro. Na ɗauki takardar na fita ban sa hannu ba. Irma ce ta raka ni wurin lauyar ƙungiyar ɗalibai, wadda ta karanta ta ce abin da na gano kafin a ƙulla yarjejeniyar ba wanda zai hana ni faɗarsa, matuƙar ban sa hannun ba. Ta ce amma in sani, izinin zamana a ƙasar a jikin wannan gurbin yake rataye.

Wata huɗu ina zaune a ɗakin karatu kamar marainiya, ina rubuta ƙorafi. A cikin watannin ne muƙalar da aka rubuta kan aikin ta fito, don abokan hulɗar sun yarda a buga sakamakon, a ɓoye yadda aka yi kwalbar. Sunan Tobiyas a farko, na Farfesa a ƙarshe, wasu biyu a tsakiya da ba su taɓa ganin tandar Irma ba. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an gode wa Z. Garba da mai hura gilashi “saboda taimakon hannu”. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na sami Tobiyas a ɗakin cin abinci, yana tare da abokansa. Na ajiye muƙalar a gefen farantinsa na ce, “Nuna mini layi ɗaya a nan da za ka iya rubutawa ba da kwalbata ba.”

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, “Zu, ra'ayi kowa yana da shi. Awon da aka buga ni na yi shi. Ba kya ɗakin lokacin.”

“Wa ya fitar da ni daga ɗakin?”

“Ba ni ba ne.”

“Amma ka ga fitilar ta yi ja, ka sunkuyar da kai. Kai ne ka ce mini gilashi ba shi ne matsalar ba. Ka manta, ko in kira waɗanda suka ji?”

Wani daga cikin abokan ya ce in rage murya. Ban ɗaga murya ba. Na lura a ƙasar nan in baƙar mace ta faɗi gaskiya a tsaye, ko raɗa take yi, ihu suke ji.

Kwamitin da ya saurari ƙorafina mutum uku ne. Suka ce in kawo hujja a rubuce cewa dabarar tawa ce. Na ce hujjar tana cikin littafina. Suka ce in kawo littafin. Na ce yana ɗakin da aka hana ni shiga. Suka ce su ma ba su da izinin fito da shi. Irma ta sa rigarta ta zuwa coci ta zo ta ba da shaida, ta faɗi komai, har ranakun da muka fasa kwalabe. Shugaban ya gode mata ya ce ita ma'aikaciyar hannu ce, ba ta cikin masu tantance gudummawar ilimi. Mutum biyar ɗin da suka ji Farfesa ya ce “wannan naki ne” duk a ƙarƙashinsa suke neman digiri. Ba wanda ya tuna. Hukuncin ya fito a shafi guda: an samu rashin fahimta, ana ba ɓangarorin shawara su sasanta.

Na kira mijina na ce masa ko dai in ƙara shekara uku a ƙarƙashin mutanen nan, ko in dawo hannu rabbana. Ya ce, “Wanne ne za ki iya kwana da shi?” Na ce ba zan iya sake gaishe da Farfesa da safe ba. Ya ce, “To ki taho gida. Ba takarda na aura ba.”

Irma kaɗai ta raka ni tasha. Ta ba ni burodin da ta gasa da kanta, ta riƙe fuskata da hannayenta masu tabo, ta ce shekara talatin da wani abu tana hura musu gilashi, ba a taɓa sa sunanta a sama ba, ta saba. Ta ce, “Ke kada ki saba.”

Na iso Tudun Marke ana cirar gyaɗa. Tun daga bakin hanya mata suke ɗagowa daga gona suna cewa, “Dakta, sannu da zuwa. Dakta, an sha hanya.” Kowace gaisuwa kamar ana soka mini ƙaya. Ummi ta girma, an yi mata kitso. Na durƙusa na buɗe hannu, ta ɓuya a bayan zanin Inna ta ce, “Umma, wace ce?” Shekara biyu da wata biyar na ba mutanen can, abin da na tarar ke nan. Kafin mako ya zagayo labari ya gama ƙauye cewa faɗuwa na yi a jarrabawa aka koro ni. Ban gyara wa kowa ba. Ta ina zan fara? Na samu koyarwa a wata makarantar 'yan mata, na riƙa bin bas ɗin Tsanyawa kullum.

Bayan wata bakwai saƙon Farfesa ya shigo wayata, ina zaune a tsakar gidanmu ina taya Inna ɓarar gyaɗar iri. Ya fara da tambayar lafiyata da ta iyalina, abin da bai taɓa yi ba ina gabansa. Sannan ya zo kan magana. Kwalbar ta tsage, an ɗumama ta fiye da kima. Irma ta yi ritaya, kuma da aka neme ta ta ce tsufa ya sa ta manta matakan. Sun ƙera sababbi, duk hazon yana dawowa. Sun buɗe littafina, amma shafukan da suka fi muhimmanci ba su iya karanta su ba.

Nan na yi dariyar da ta sa Inna ta ajiye ƙwarya ta dube ni. Ni tun ina yarinya a zauren Baba, in ina sauri da ajami nake rubutu. Duk matakan wankin gilashin da gashinsa da jerin ɗumamawar, da Hausa na rubuta su cikin ajami, a tsaye gaban tanda. Sun nuna wa wani masanin Larabci nasu, ya ce haruffan ya sani amma harshen ba Larabci ba ne. Wanda zai karanta musu sai Bahaushe, Bahaushe kuwa dokarsu ta hana a nuna masa littafin. Farfesa ya roƙi in rubuto masa matakan, shi kaɗai, “saboda ci gaban ilimi”. Bai ambaci muƙalar ba, bai ce a yi haƙuri ba.

Kwana uku ina jin daɗin abin. Na ce su ruɓe da kwalabensu. A na huɗu na ba Baba labari, yana zaune a ƙofar zaure yana gyaran igiyar rijiya. Na ɗauka zai taya ni murna.

Ya ce, “Yanzu wa ya san yadda ake yin kwalbar nan?”

“Ni da tsohuwar.”

“Ita ta tsufa. Ke kuma ba ki da alkawari da gobe. In kun mutu fa?”

“Baba, sun zalunce ni.”

“Sun zalunce ki, ban ce ba su yi ba. Allah zai tambaye su. Amma ke wa ya ba ki fahimtar? Da kika ɗaga kwalbar kika ga hazon, wayonki ne? Ilimi ba gyaɗar iri ba ce da za ki ƙulle a rumbu don kin yi faɗa da maƙwabci. Ki ba su.”

Na tashi ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi ba. Ni za a ce in miƙa wa Tobiyas abin da zai sake sa wa sunansa? Mako guda ba na iya cin abinci sosai. Maganar Baba ta ƙi barin raina.

Ranar Asabar na ɗauki biro da littafin darasi na zauna a ƙarƙashin marken gonarmu. Na rubuta komai daga kaina, mataki-mataki, da zanen kwalbar da wutsiyarta, da kurakuran da muka yi a guda bakwai ɗin don kada wani ya maimaita. Na kira Irma na karanta mata, tsohuwar da ta ce wai ta manta, sai ga shi ta gyara mini wuri biyu. Na tambaye ta ko ta yarda in sa sunanta. Ta ce in sa. Na shiga Kano na buga shi, na ɗora a wani shafin intanet inda masu bincike suke ajiye aikinsu kowa ya karanta kyauta. Sunaye biyu ne a sama, nawa da nata. Sai da na tabbata ya hau, sannan na aika wa Farfesa adireshin shafin, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Amsarsa ta zo washegari, doguwa, cike da “abin takaici” da “rashin sanin ya kamata”, wai abokan hulɗarsu ba za su ji daɗi ba. Ba su gyara muƙalar ba har yau, digirin kuma ban samu ba. Amma cikin wata biyu wata malama daga Kudancin Amurka da wani ɗalibi daga Indiya sun rubuto mini cewa sun bi matakan, alamar ta fito.

Na je na faɗa wa Baba, na same shi yana tufkar igiya a ƙofar zaure. Ya saurara har na gama, ya ce, “Na ce ki ba su, ke kuma kika ba duka duniya, don kada ya zama nasu. Wannan kyauta ce ko duka?”

Na ce, “Ilimin dai bai ɓoyu ba.”

“Bai ɓoyu ba, kin fita wannan.” Ya dube ni sosai. “Amma faɗa mini gaskiya, Zulai. Da kike rubutawa, don Allah kika yi, ko don haushi?”

Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Na ce, “Don haushi.”

Ya gyaɗa kai, ya koma kan igiyarsa. “To aikin ya yi kyau, saura niyyar. Ki gyara ta, ba a makara ba.”

Yau shekara guda ke nan da wannan magana. Kowace asuba in na idar da sallah ina gwadawa. Ba ta gyaru ba tukuna.